Ethel Waters: Mawaƙiyar da Ta Mai da Faifan Minti Uku Dandalin Wasa

A tarihin waƙar Amurka akwai sunayen da kowa ya haddace, irin su Bessie Smith da Louis Armstrong da Billie Holiday da Ella Fitzgerald. Sunan Ethel Waters ba ya saurin zuwa baki kamar waɗannan, alhali kuwa tsakanin 1925 da 1940 da wuya a sami mace baƙar fata da ta kai ta suna ko samun kuɗi a harkar nishaɗin ƙasar. A bakinta duniya ta fara jin "Dinah" da "Am I Blue?" da "Stormy Weather" da "Heat Wave" da "Taking a Chance on Love", waƙoƙin da har yau mawaƙa ke maimaitawa, da yawansu ba su ma san wa ta share musu hanya ba. Ta yi faifai, ta hau dandamalin Broadway, ta yi fim, ta shiga rediyo da talabijin tun suna jarirai.

To me ya sa tauraruwarta ta dusashe a zukatan na baya? Amsar tana cikin irin baiwar da Allah ya ba ta. Masu tarihin blues suna ganin ta cika sassauci da iya taku, ba ta da kaushin muryar da suke nema. Masu tarihin jazz suna ganin ta karkata ga waƙoƙin kasuwa. Masu tarihin fim kuwa tsohuwa mai ƙyallen girki kawai suka sani. Kowa ya ɗauki gefen da ya gani ya auna ta da mudunsa, ya ce ba ta cika ba. Amma wanda ya jera faya-fayanta ya bi su daga 1921 zuwa gaba zai ga sana'a ɗaya ce take yi tun farko har ƙarshe. Waters 'yar wasan kwaikwayo ce da ta fara da waƙa. Kowace waƙa a wurinta mutum ce mai labari, aikinta shi ne ta shiga rigar wannan mutumin na tsawon minti uku.

Zamanin da ya haife ta

Shekarun 1920 su ne Amurkawa ke kira zamanin jazz, sunan da marubuci F. Scott Fitzgerald ya taimaka wajen yaɗawa da littafinsa na gajerun labarai na 1922. Abubuwa uku suka haɗu suka yi wannan zamani. Na farko, ƙaurar baƙaƙen fata daga jihohin kudu zuwa biranen arewa, suna gudun talaucin gonakin auduga da dokokin wariyar launin fata. Unguwar Harlem a birnin Niyok ta zama matattararsu, ta cika da marubuta da makaɗa da 'yan siyasa. Na biyu, dokar hana sayar da giya da ta fara aiki a 1920 ta kai har 1933. Dokar ba ta hana sha ba, sai ma ta mai da harkar hannun 'yan daba, waɗanda suka buɗe gidajen rawa na dare suna neman makaɗa da mawaƙa. Na uku, garmaho. Faifan wancan lokaci yana juyawa sau 78 a minti, kuma kowane gefe bai ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi.

Kamfanonin faifai na fararen fata sun daɗe suna ganin baƙar fata ba ya sayen faifai. A 1920 Mamie Smith ta yi "Crazy Blues" a kamfanin Okeh, faifan ya yi kasuwar da ta ba kowa mamaki. Nan take kowane kamfani ya bazama neman tasa mawaƙiyar blues, aka kuma ware wa waɗannan faya-fayai jeri na daban da ake tallatawa a unguwannin baƙaƙe kaɗai. Cikin wannan rububi Ethel Waters ta shigo.

Daga goge ɗaki zuwa dandamali

An haife ta ranar 31 ga Oktoba 1896 a garin Chester na jihar Pennsylvania. Mahaifiyarta, Louise Anderson, yarinya ce ƙarama da aka yi wa fyaɗe, don haka kakarta Sally Anderson, wadda ke aikatau a gidajen fararen fata, ita ta fi ɗaukar nauyinta. Ta tashi tana yawo tsakanin gidajen dangi a unguwannin marasa galihu na Filadalfiya, cikin yunwa da ganin abin da yaro bai kamata ya gani ba. An yi mata aure tana shekara 13, mijin ya riƙa dukanta, ta gudu. Ta kama aikin goge ɗakuna da wanke-wanke a wani otal, albashinta bai kai dala biyar a mako ba.

A wani bikin dare a Filadalfiya aka matsa mata ta yi waƙa, wasu masu yawon wasa suka ji ta, suka ɗauke ta zuwa gidan wasa na Lincoln a Baltimore a kan kimanin dala goma a mako. Doguwa ce siririya a lokacin, shi ya sa aka laƙaba mata Sweet Mama Stringbean, ana kwatanta ta da zanƙalelen koren wake. Waƙar da ta fara yi mata suna ita ce "St. Louis Blues" ta W. C. Handy.

Shekarun da suka biyo baya ta yi su ne a gidajen wasa na baƙaƙe a kudancin Amurka, inda masu gidajen galibi fararen fata ne, kuma ɗan wasa ba shi da inda zai kai kuka in an cuce shi. A littafin tarihin rayuwarta na 1951 ta ba da labarin yadda ta yi hatsarin mota a jihar Alabama aka wulaƙanta ta a asibiti, da yadda ta tsere daga Atlanta cikin dare bayan sa-in-sa da wani mai gidan wasa a kan fiyano da ba a daidaita sautinsa ba. A Atlanta ɗin ne kuma ta yi wasa gida ɗaya da Bessie Smith, wadda ta sa sharaɗin kada baƙuwar ta taɓa blues a gabanta. Wannan haɗuwa ta nuna bambancin hanyoyin biyu. Bessie murya ce mai cika ɗaki, tana tsaye kamar dutse tana zuba. Ethel ba ta da wannan ƙarfin, sai ta nemi makami a wani wurin: furuci tsaf, da wasa da lokaci, da ido, da murmushin da ake ji a cikin murya.

Wajen 1919 ta iso Harlem ta sami aiki a Edmond's Cellar, wata mashaya ta ƙarƙashin ƙasa da 'yan caca da mata masu zaman kansu ke cika. A irin wannan wuri mawaƙi kan yi ihu ne don ya rinjayi hayaniya. Ita sai ta riƙa sassauta murya har mutane su yi shiru don su ji abin da take faɗa.

Black Swan da faifan da ya ceci kamfani

A 1921 ta yi faifanta na farko a wani ƙaramin kamfani mai suna Cardinal. A wannan shekarar ce Harry Pace, tsohon abokin kasuwancin W. C. Handy, ya kafa Black Swan, kamfanin faifai mallakar baƙaƙen fata, wanda marubuci W. E. B. Du Bois na cikin daraktocinsa. Burin Pace shi ne ya nuna wa duniya baƙar fata na iya waƙoƙin opera da na coci da duk wani kiɗa da Turawa ke ganin girmansa. Sai dai faya-fayan farko ba su yi kasuwa ba. Abin da ya fitar da kamfanin daga bashi shi ne faifan Ethel Waters mai "Down Home Blues" a gefe ɗaya da "Oh Daddy" a ɗaya gefen, wanda aka biya ta dala 100 a kansa. Blues ɗin da masu ilimin Harlem ke yi wa kallon waƙar 'yan tasha ita ta biya kuɗin hayar ofishin da suke son a yi opera a ciki.

Pace ya tura ta rangadi da ƙungiyar makaɗa ƙarƙashin Fletcher Henderson, wani matashi da ya karanci ilimin haɗa sinadarai kuma ya koyi fiyano irin na boko. Kiɗansa bai gamsar da ita ba, ta ce ba shi da gishiri, ta tilasta masa ya zauna ya saurari salon makaɗin fiyano James P. Johnson har ya kama. Henderson ɗin nan shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara yadda manyan ƙungiyoyin jazz ke kiɗa. A wannan rangadi ne, a New Orleans a 1922, ya fara jin busar wani saurayi Louis Armstrong, wanda ya ɗauka aiki bayan shekara biyu.

Black Swan bai yi tsawon rai ba. Manyan kamfanoni sun kwashe kasuwar da kuɗi, rediyo ma ta fara cin cinikin faifai, a 1924 kayan kamfanin suka koma hannun Paramount. Waters ta ɗan taɓa aiki da su, a 1925 ta koma Columbia.

Mazurari da makirufo

Faya-fayanta na Black Swan an ɗauke su ne ta tsohuwar hanya. Babu wutar lantarki a cikin aikin. Mawaƙi zai tsaya gaban wani babban mazurari ya yi waƙa a ciki, ƙarfin muryarsa shi ke kaɗa allurar da ke zana layi a kan faifan kaki. Mai busa kakaki a tura shi can ƙarshen ɗaki don kada ya danne kowa, mai murya kuwa ya matso har ya kusa sa kai a mazurarin. Wannan na'ura tana son ƙara, tana haɗiye ƙananan sautuka, haruffa irin su "s" da "f" sukan ɓace ɗungum. Duk da haka, ko a waɗannan faya-fayai masu ƙarar yashi, ana jin kowace kalmar Waters.

A 1925, daidai shekarar da ta shiga Columbia, kamfanin ya koma ɗaukar murya da makirufo. Sabuwar na'urar tana kama numfashi da raɗa da 'yar dariya. Mawaƙan da suka dogara da ƙarfin huhu ba su ƙaru da wani abu sosai ba, amma ga mai irin salonta kamar an ɗinka mata riga ne daidai jikinta. A bazarar wannan shekara ta maye gurbin mawaƙiya Florence Mills a gidan rawa na Plantation da ke Broadway, inda aka ba ta sabuwar waƙar Harry Akst, "Dinah". Masu waƙar sun rubuta ta ne a matsayin waƙar tsalle-tsalle mai sauri. Ita ta rage mata gudu, ta riƙa jan wasu gaɓoɓi tana jinkirta wasu, ta yi ta kamar mai faɗa wa ƙawarta sirri. A faifan za ka ji tana shigowa bayan bugun kiɗa da ɗan kaɗan, sannan ta cim masa ba tare da gaggawa ba. Wannan wasa da lokaci daga blues ta ɗauko shi, ta kai shi cikin waƙar da fararen fata suka rubuta domin kasuwar kowa da kowa. Mawaƙan da suka biyo baya, farare da baƙaƙe, irin su Mildred Bailey da Lee Wiley da Lena Horne, a kan wannan gada suka bi.

A cikin 'yan rawar gidan Plantation akwai wata yarinya mai suna Josephine Baker. Da aka zo neman tauraruwar da za a kai birnin Faris a wannan shekarar, Waters aka fara tuntuɓa, ba a daidaita ba, aka tafi da Baker. Ɗaya ta zama 'yar lelen Faransa, ɗaya ta zauna ta fuskanci Amurka yadda take.

Abin da ke ba mai sauraro mamaki a faya-fayanta na wannan lokaci shi ne yawan fuskokinta. A "Shake That Thing" ta 1925 da "My Handy Man" ta 1928, wadda James P. Johnson ya kaɗa mata fiyano, waƙoƙi ne masu harshen damo, batsa ce a lulluɓe. Tana rera su da ladabi kamar malamar makaranta, kuma wannan ladabin shi ne abin dariyar. A wasu faya-fayan takan tsaya tsakiyar waƙa ta koma magana, tana yi wa wani miji marar amfani tatas, ka ji kamar kana leƙen faɗan maƙwabta. Wani lokaci ta kwaikwayi furucin matan masu kuɗi na Ingila, tana kaɗa harafin "r" da gangan. A 1932, da ta yi "I Can't Give You Anything but Love" tare da makaɗan Duke Ellington, ta rera zagayen farko da muryarta mai laushi, a na biyu ta rikiɗe ta koma Louis Armstrong da kaushin maƙogwaronsa.

Hollywood ta kira ta a 1929 don fim ɗin On with the Show! na kamfanin Warner, ɗaya daga cikin fina-finan farko masu magana da launi. A nan ta rera "Am I Blue?", wadda ta zama babban faifanta na shekarar. Sai dai an fito da ita ne da ɗankwali da kwando a gonar auduga, kuma waƙoƙinta biyu ba su da alaƙa da labarin fim ɗin, a gefe suke tsaye. Haka ake yi wa baƙaƙen taurari a lokacin, a ci moriyar muryarsu ba tare da an haɗa su zama da sauran 'yan wasa ba.

Shekarar 1933

In za a zaɓi shekara ɗaya a ce ita ce ƙololuwarta, to 1933 ce. Tattalin arzikin Amurka ya durƙushe tun 1929, cinikin faifai ya faɗi warwas, mawaƙan blues da dama sun koma gida. Ita ma aurenta da Clyde Matthews ya taɓarɓare. A watan Afrilu gidan rawa na Cotton Club ya ɗauke ta. A lokacin wannan gida yana tsakiyar Harlem, ɗan daba Owney Madden ke da shi, masu wasa duk baƙaƙe, masu kallo kuwa fararen fata. Harold Arlen da Ted Koehler sun rubuta wata waƙa, "Stormy Weather", kukan matar da mijinta ya tafi ya bar ta. Waters ta tsaya jikin turken fitilar titi, cikin shuɗin haske, ba rawa ba murmushi, ta rera ta a hankali. Mutanen da suka zo shan giya da kallon ƙafafun 'yan mata suka ajiye kofuna. Daga baya ta rubuta cewa labarin rayuwarta take faɗa a cikin waƙar. Ranar 3 ga Mayu ta ɗauke ta a faifan Brunswick tare da makaɗan 'yan'uwa Dorsey. A faifan ba ta kuka, kuma ba ta ɗaga murya sai kusa da ƙarshe. Tana yi kamar mai ƙoƙarin danne abin da ke cinta, sai can ya fi ƙarfinta. Wannan faifai yana cikin waɗanda Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya zaɓa ya adana a matsayin kayan tarihin ƙasa.

Marubucin waƙoƙi Irving Berlin ya je Cotton Club ya gani, ya ɗauke ta cikin wasansa na Broadway mai suna As Thousands Cheer, wanda ya rubuta tare da Moss Hart. An tsara wasan kamar jarida, kowane fage yana buɗewa da kanun labari. Sauran taurarin, Marilyn Miller da Clifton Webb da Helen Broderick, duk fararen fata ne. Berlin ya ba ta "Heat Wave", waƙar rawa mai zafi, da "Harlem on My Mind", inda take tsokanar irin su Josephine Baker da suka yi kuɗi a Faris amma kewar gida ta hana su sakat. Sannan ya ba ta "Supper Time".

Kanun labarin wannan fage yana sanar da cewa gungun mutane sun rataye wani baƙar fata. Labule ya buɗe, ga mace cikin tsummoki a wani ɗan akurkin ɗaki tana shirya abincin dare. Mijinta ne aka kashe. Yara za su shigo yanzu, dole ta sa musu abinci, dole ta san abin da za ta ce in sun tambayi babansu, dole kuma ta sa su yi addu'ar godiya kafin su ci. A cikin waƙar ba a ambaci kisa ko igiya ba, aikin gida kawai ake lissafawa. Waters ta ce a duk daren da ta rera ta, takan tuna wani iyali da ta sauka a gidansu a Macon ta jihar Georgia, waɗanda aka yi wa ɗansu irin wannan kisan gilla. 'Yan kallon da suka biya kuɗi don su yi dariya aka sa su zauna da wannan hoto, shekara shida kafin Billie Holiday ta rera "Strange Fruit" a kan irin wannan kisa. An ruwaito cewa lokacin gwajin wasan a Filadalfiya abokan wasanta sun ƙi fitowa gaisuwar ƙarshe tare da ita, Berlin ya ce in haka ne ba wanda zai fito, suka sauko. Wasan ya yi dare 400.

A ranar 27 ga Nuwamba na wannan shekara ta shiga ɗakin ɗaukar murya na Columbia da makaɗan Benny Goodman ta yi "A Hundred Years from Today". Da ta gama, aka shigo da wata yarinya 'yar shekara 18 ta yi faifanta na farko da waɗannan makaɗan. Billie Holiday ce.

Da waƙa ta zama wasa

Wanda ya ga "Supper Time" bai kamata ya yi mamakin abin da ya biyo baya ba. A Janairun 1939 ta fito a Mamba's Daughters na DuBose da Dorothy Heyward, wasan kwaikwayo zalla, a matsayin Hagar, ƙatuwar mace marar ilimi da ta yi kisa don kare 'yarta. Ta ce mahaifiyarta take gani a cikin Hagar. Mai sharhin jaridar New York Times, Brooks Atkinson, ya kushe wasan nata, sai wasu fitattun mutanen harkar suka haɗa kuɗi suka sayi fili a jaridar tasa suna yaba mata. Ya koma ya sake kallo, ya janye maganarsa. A watan Yuni na wannan shekara gidan NBC ya nuna wani shiri da sunanta lokacin da talabijin ke matakin gwaji.

A 1940 ta yi Cabin in the Sky a Broadway, a 1943 kamfanin MGM ya mai da shi fim ƙarƙashin Vincente Minnelli. A nan halinta ya ja mata. Waters mace ce mai zafin rai da zargi, wadda rayuwa ta koya wa cewa duk wanda ya matso zai ƙwace mata wani abu ne. Ta ga kamfanin na fifita Lena Horne, yarinya kyakkyawa mai tasowa, ta yi rigimar da kowa a wurin ya ji. Shekara shida ba a sake kiranta fim ba. Jiki ya yi nauyi, kuɗi suka ƙare, hukumar haraji ta sa ta gaba.

Ta dawo a 1949 da fim ɗin Pinky na Elia Kazan, a matsayin kaka mai wankau wadda jikarta fara ce sol har tana shiga cikin fararen fata ba a gane ta. Aka sa sunanta cikin 'yan takarar lambar Oscar, baƙar fata ta biyu da ta kai wannan matsayi bayan Hattie McDaniel. A 1950 ta yi The Member of the Wedding na Carson McCullers, a matsayin Berenice, kukun da ke rainon yara biyu fararen fata. Da farko ta ƙi karɓa, ta ce matar da aka rubuta ba ta san Allah ba. Sai da aka yarda ta sa waƙar coci da ta taso da ita, "His Eye Is on the Sparrow", wadda take rerawa zaune a kicin, yaran biyu sun lafe a jikinta. Wasan ya yi dare 501, aka yi fim ɗinsa a 1952. Sunan waƙar ta sa wa littafin tarihinta.

Ƙofa da sharaɗinta

Duk ƙofar da aka buɗe mata da sharaɗi aka buɗe. Cotton Club ya biya ta da tsoka, amma danginta ba za su zauna a kujerun gidan ba. Broadway ta sa sunanta a allo, Hollywood kuwa ba ta da abin ba ta sai kuku da mai wanki da kaka. A 1950 ta karɓi shirin talabijin na Beulah, inda take 'yar aikin wani gidan fararen fata, shirin da ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP ta soka, ita ma ba ta daɗe ba ta bar shi. Matasan da suka taso cikin gwagwarmayar neman 'yanci a shekarun 1950 da 1960 sun ɗauke ta a matsayin ragowar zamanin da suke son binnewa. Ita ma ba ta shiga sahun masu zanga-zanga ba. A 1957 ta halarci wa'azin Billy Graham a Madison Square Garden, daga nan ta ba da sauran rayuwarta ga rera waƙoƙin addini a tarurrukansa. Ta rasu ranar 1 ga Satumba 1977 a Kalifoniya tana da shekara 80.

Masu sukar suna da hujja, domin siffar baƙar mace mai hidima wa fararen fata cikin fara'a ta yi wa al'ummarta illa, kuma Waters ta sa wannan riga ba sau ɗaya ba. Amma a duba abin da ta yi da rigar. Kakarta 'yar aikatau ce, ita kanta ta goge ɗakunan otal, ta san waɗannan mata ciki da waje. Berenice ɗinta tana da mazajen da ta aura, da wanda ta fi so a cikinsu ya mutu, da fushinta, da gajiyarta. Marubutan sun ba ta kuku, ita ta mai da kukun mutum mai tarihi, kamar yadda ta yi wa matar da ke cikin "Supper Time".

Wanda ke son ya auna ta da adalci ya fara da faya-fayan 1925 zuwa 1934, domin a nan ne ba mai ba da umarni da ya tsaya tsakaninta da mai sauraro. Ya ji "Dinah", ya bi da "My Handy Man", sannan "Stormy Weather", sannan "Miss Otis Regrets" da ta yi wa kamfanin Decca a 1934. Mata huɗu ne daban-daban, kowace da shekarunta da matsayinta da irin maganarta, kuma maƙogwaro ɗaya ya fitar da su. Kafin ita, mawaƙin kasuwa a Amurka yakan rera kalmomi ne don su ɗauki karin waƙa. Bayanta, aka fara sa ran mawaƙi ya san wane ne ke magana a cikin waƙar, da wa yake yi, kuma me ya same shi. Frank Sinatra da Billie Holiday sun gina sunansu a kan wannan ƙa'ida, kuma Ethel Waters ta riga su aiki da ita a faifai da shekara goma ko fiye.